Rigar Lamba Sha Huɗu Ta Dawo a Bushe

Shekarar Tasallah biyu a Madina, amma da za a tattara duk maganar da Afnan, 'yar wanta, ta yi mata a cikin shekara biyun nan, ba za ta kai a shanye kofin shayi ɗaya ba. Ba rashin kunya ba ne. Yarinyar tana gaishe ta safe da yamma, tana karɓar mata jaka in ta dawo daga aiki. Abin dai shi ne a nan aka haife ta, a unguwar Uhudu, Hausa tana shiga kunnenta lafiya lau, sai ta fito ta bakinta da Larabci. Tasallah ta ce, "Afnan, kin ci abinci?" Afnan ta ce, "Aiwa, ammati," wato "E, gwaggo," ta mayar da ido kan waya. Hira ta ƙare ke nan. Ita kuwa Tasallah Larabcinta na wurin aiki ne: kawo, kai, ninke, yi sauri. Ba irin wanda ake bajewa a kan darduma bayan la'asar ba.

Abin yana cin ta, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. 'Ya'yanta uku duk maza ne, suna can Maraɗi, kuma tun ranar da ta sauka gidan wanta Abdulfattah ta ga wannan siririyar yarinya mai tabarau, ta ce a ranta ta samu wadda za ta riƙa yi wa kitso tana ba ta labarin gida. Shekara biyu, ko tsefe kai ba a kai ga yi ba.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, gidan duka suna zagaye da faranti ɗaya na shinkafa da kaza, sai gardama ta kaure tsakanin Afnan da wanta Mu'azzam. Shi yana aiki a shagon sayar da waya kusa da Harami, kuma duk abin da zai faɗa sai ya nuna shi a waya. Larabci suke zubawa kamar ruwan famfo, Afnan har tabaranta yana zamewa.

"Yaya, me suke yi wa faɗa haka?" Tasallah ta tambayi Abdulfattah.

"Ƙwallon kwando," ya ce, yana tsotsar ƙashi. "An gama wasannin shekara, yanzu an shiga na fitar da gwani. Ƙungiya takwas, a haɗa su biyu-biyu, wanda ya riga cin wasa biyu cikin uku ya wuce, ɗayan ya tafi gida. Gobe 'yan garin nan za su kara da na Dammam. Afnan ta ce za mu ci saboda muna da Umair. Mu'azzam ya ce za mu ci, amma ba saboda Umair ba. Kin ji faɗan."

"Wane ne Umair?"

"Wanda suke ji da shi. Mai lamba sha huɗu."

"Au, sha huɗu?" Tasallah ta ɗebo shinkafa. "Ai wannan ba zai yi wasa gobe ba."

Mu'azzam, da yake Hausarsa ta fi ta ƙanwarsa tsayuwa, ya yi murmushin da ake yi wa manya in sun shiga abin da ba nasu ba. "Gwaggo, jiya-jiyan nan koci ya ce lafiyarsa ƙalau. Ga shi nan a waya."

"To, koci ya faɗi nasa," ta ce, ta ci gaba da cin abinci.

Ba duba ta yi ba, ba mafarki ba. Tasallah tana aiki ne a sashen mata na wani babban kamfanin wanki da guga a Al-Ranuna, wanda yake wanke zannuwan gadon otal-otal. Ban da otal, kowace safiya akan kawo wani shuɗin buhu daga ƙungiyar ƙwallon kwandon garin, kuma ita ce take zazzage shi ta ware fari da mai launi kafin a zuba a inji. Ba ta san fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba, amma ta san su ta lamba. Ta san bakwai yana manta cingam a aljihu. Ta san talatin da uku yana huda safa ta wurin babban yatsa. Shi kuwa sha huɗu, rigarsa kullum sai an matse ta kafin a ɗaga, don gumi. Kwana uku ke nan tana dawowa a bushe, da ƙanshin sabulun da ita Tasallah ta sa, wandon kuma yana tashin man zafi ta cinyar hagu. Mutumin da yake shirin gudu gobe ba haka kayansa suke dawowa ba.

Washegari da yamma Tasallah tana ɗaki tana shafa mai a ƙafa, sai ta ji ihu daga falo, sai takun gudu. Ƙofa ta buɗe ba sallama. Afnan ce, waya a hannu, numfashi sama-sama.

"Ammati! Umair! Benci! Ya zauna a benci!" Ta tsaya, tana lalubo kalmomi kamar mai neman allura a jaka. "Gwaggo. Ke... yaya kin sani?"

Tasallah ta ɗago kai. Hausa ce wannan, da ƙafa ɗaya take tafiya, amma Hausa ce. Ta buɗe baki za ta ce daga wanki ne, sai ta hango yadda abin zai kasance: Afnan ta yamutsa hanci, ta ce "Ah, tayyib," wato "To, shi ke nan," ta juya ta fita. Wa zai zauna hira da matar da iliminta na wandon ƙarti ne?

"Ana dai lura," ta ce, ta rufe kwalbar mai a hankali.

Afnan ta dube ta tun daga kai har ƙafa. Tasallah doguwa ce, ta fi wanta tsawo, sai ta sunkuya take shiga ƙofar kicin. Idon yarinyar ya yi ta girma a bayan tabarau. "Wallah! Ke kin buga! Zaman da, a Nijar, kin buga! Dubi hannu! Dubi tsawo!"

Tasallah ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Ta dai matsa gefe a kan katifa, Afnan ta zauna.

Daga ranar gidan ya canza. Tasallah tana dawowa daga aiki za ta tarar Afnan ta haɗa shayi da na'ana'a, ta jera dabino a ƙaramin faranti, tana jira. "Gwaggo, yau me kin gani?" Ita kuma sai ta kurɓi shayi, ta dubi silin, ta saki magana ɗaya. Ranar da ta ga rigar sha huɗu ta dawo sharkaf ta ce, "Ya warke. Ku jira shi." An ci wasan farko ba shi, ya shigo na biyu ya zuba maki ashirin da takwas, aka sallami Dammam. Afnan ta yi ta tsalle a kan kujera har uwarta Hidaya ta fito daga kicin da ludayi.

Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe, aka haɗa su da 'yan Jidda, sai Allah ya yi otal ɗin da baƙin suka sauka yana cikin masu kawo wanki kamfanin. Jakar kayansu ta biyo zannuwan gado. Tasallah ta ga wata safa mai tsawon hannunta, dunduniyarta da tabon jini, ƙafa biyun duka. Sabon takalmi ne ya ci mai ita. Da yamma ta ce, "Wannan dogon nasu, a sa shi gudu. Ba zai kai ƙarshe ba."

"Muhyiddeen?" Mu'azzam ya yi dariya har da buga cinya. "Gwaggo, mutumin da bai taɓa fita wasa ba duk shekarar nan? Ni na faɗa, Jidda za su share mu biyu babu. Suna da tsawo, suna da benci, mu me muke da shi? Umair da addu'a."

"Kai ka yi shiru," Afnan ta ce da Hausa, kowa ya juyo ya kalle ta. "Kai kana da waya bas. Mu muna da Gwaggo."

Muhyiddeen ya fara ɗingishi tun kafin hutun rabin lokaci, aka cire shi, 'yan Madina suka ci. Mu'azzam ya shigo gida ya wuce ɗakinsa ko abinci bai nema ba, Afnan ta bi shi har ƙofa tana yi masa guɗa, guɗar da Tasallah ta koya mata shekaranjiya, tana fita kamar kukan zakaran da bai gama balaga ba. Tasallah ta yi dariya har hawaye, har sai da ta riƙe bango.

A makon nan aka yi kitson. Afnan ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, tana bayanin sauran ƙungiyoyi, wa zai ci wa tsakanin Riyad da Ahsa, wa yake da mai jifa daga nesa, wane koci ne ba ya jin shawara. Rabin maganar Tasallah ba ta gane ba, amma tana cewa "Uhm" a inda ya dace. In Afnan ta ce, "To su Riyad fa, Gwaggo?" sai ta ce, "Ban duba su ba tukuna," wanda gaskiya ne tsantsa, tunda wankinsu ba ya zuwa Al-Ranuna. Afnan sai ta gyaɗa kai da girmamawa, ta rubuta wa ƙawayenta. Ashe har sun buɗe zaure a waya, su goma sha ɗaya, sunansa Gwaggo Ta Ce. A tsakanin ƙwallo da ƙwallo kuma wasu maganganun suna ɓullowa. Afnan ta tambayi yadda kakarta take, ko ita ma doguwa ce. Ta faɗi sunan malamar da take tsoro a makaranta. Tasallah takan kwanta tana murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Aka je Jidda wasa na biyu, aka sha kashi. Ɗaya da ɗaya. Saura na uku, ranar Alhamis, a Madina, wanda ya faɗi ya gama shekara.

Ranar Litinin da safe shugabar sashe ta tare Tasallah a bakin ƙofa. Masu Umara sun cika gari, harami yana zuwa buhu-buhu, ana bukatar doguwar mace mai ninke manyan tawul. An mayar da ita can ƙarshen gini. Shuɗin buhu kuma an ba Fatna.

Fatna 'yar Chadi ce, gajera, mai saurin hannu, tana alfahari da cewa kaya ba ya minti biyar a gabanta. Lokacin hutun shayi Tasallah ta ja ta gefe.

"Fatna, 'yar'uwa, wata alfarma. Gobe in buhun 'yan ƙwallo ya zo, kafin ki zuba a inji, ki ɗan duba min rigar sha huɗu. Ki taɓa ki ji ko da gumi. Wandon kuma ki ɗan... ki kai shi kusa da hanci."

Fatna ta ajiye kofi. "Tasallah, lafiyarki? Miji kike nema a cikin buhu?"

"Ke dai ki yi min."

Talata Tasallah ta zo da sauri. "Yaya? Me kika ji?"

"Wari."

"Wane iri? Na man zafi, ko na gumi, ko na bandeji?"

"Warin maza, Tasallah! Duka wari ɗaya ne! Na kusa amai saboda ke. Halas, ban ƙara."

Laraba, ana gobe wasa, Tasallah ta ƙudura ita da kanta za ta je. Ta ninke harami da saurin da ba ta taɓa yi ba, ta faki idon shugaba, ta ratsa tsakanin kekunan zannuwa tana tattare da abaya, tana ba mutane haƙuri. Ta iso tana haki. Fatna tana tsaye tana karkaɗe shuɗin buhu, babu komai a ciki. A bayanta babban inji yana juyi, ta gilashin ana hango riguna suna tumbur-tumbur cikin kumfa. Lamba sha huɗu ta zo ta manne a gilashi, ta wuce.

"Minti uku," Fatna ta ce, tana taƙama. "Yau na karya tarihina."

Da yamma Afnan ta tare ta tun daga matakala. Ta sayi tikiti huɗu, nata, na Gwaggo, na Mu'azzam da zai tuƙa su, da na ƙawarta Lubna. Shayi yana jira, dabino yana jira, waya tana tsaye a jingine da kwalbar sukari tana ɗaukar murya.

"Yalla, Gwaggo. Duka suna jira. Gobe wa?"

Tasallah ta kurɓi shayi, ya ƙone mata harshe. Ta dubi silin, babu komai a silin. Ta dubi fuskar yarinyar, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai.

"Mu za mu ci," ta ji bakinta ya faɗa.

"Da nawa?"

Ta dubi faranti. Dabino bakwai ne a ciki. "Da bakwai."

Afnan ta ƙwalla ƙara ta rungume ta, ta fita da gudu tana kiran Mu'azzam. Tasallah ta zauna da dabinon a gaba, ta kasa cin ko ɗaya.

Bayan la'asar ranar Alhamis suka shiga zauren wasan. Tasallah ba ta taɓa ganin wuri irinsa ba. Ganga, usur, tutoci, katako yana sheƙi kamar an zuba masa man gyaɗa. Mu'azzam ya tafi wurin abokansa, su uku suka hau ɓangaren iyali. Lubna, wata 'yar kumatu mai yawan magana, ta kama hannun Tasallah ta sumbata, ta ce da Hausar da ta haddace a hanya, "Sannu Gwaggo mai gaskiya."

Da 'yan wasa suka fito, tsoron da ke cikin Tasallah ya ɗan ja baya, don ga kayanta nan suna gudu da mutane a ciki. Ga bakwai, yana tauna cingam kuwa. Ga talatin da uku, ƙato, da gemu. Ga sha huɗu.

"Kai! Ashe ɗan ƙarami ne!" ta ce da ƙarfi. "Duk gumin nan daga wannan jikin yake fita?"

"Na'am, Gwaggo?"

"Ba komai." Ta ƙura wa wandonsa ido. Karin guga ya karkace. Aikin Fatna ne, sauri ba kyau.

Aka busa usur, aka fara, kuma tun daga farko abin bai yi daɗi ba. Muhyiddeen ya dawo da tsohon takalminsa, yana tsaye ƙarƙashin kwando kamar bishiyar dabino, duk wanda ya zo ya mare masa ƙwallo. 'Yan Jidda suna jifa daga nesa tana shiga, su sake tana shiga. Lubna ta cusa gefen mayafi a baki. Wata mata a bayansu tana ta salati. Da aka tafi hutun rabin lokaci an ba 'yan Madina ratar maki goma sha shida.

Afnan kuwa ko a jikinta. Tana zaune ta harɗe ƙafa tana cin gyaɗa, tana dafa kafaɗar Lubna. Ta juya ta gaya wa matar da ke salati, da wasu 'yan mata biyu a gefe, cewa su kwantar da hankali, gwaggonta tsohuwar 'yar wasa ce, ba ta taɓa kuskure ba, da bakwai za a ci. Matar ta leƙo ta dubi Tasallah da idon roƙo. Wannan kallon, da gyaɗar da Afnan take ci hankali kwance, su suka fi ƙarfin Tasallah.

"Taso ki raka ni in sha ruwa," ta ce.

A bayan matakala, kusa da injin ruwan sanyi, ta tsaya ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

"Afnan, ban taɓa buga ƙwallo ba. Ko ta roba. Yau na fara ganin kwandon nan da idona."

Afnan ta yi dariya, tana jiran ƙarshen wasan.

"Kayansu nake wankewa. A wurin aiki. In riga ta dawo a bushe, na san mai ita bai yi gudu ba. In wando yana warin man zafi, na san da ciwo. Dogon nan, jini na gani a safarsa. Shi ke nan ilimin. Makon nan kuma an canza min wuri, ban ga komai ba."

"To... bakwai?"

"Dabinon da kika kawo min ne guda bakwai."

Dariyar ta bushe a fuskar Afnan. Ta cire tabarau ta goge da mayafi, ta mayar. Daga ciki aka busa usur.

"Tayyib, ammati," ta ce a hankali, ta juya ta hau matakala.

Tasallah ta bi ta a baya. Ta zauna. Afnan tana kallon fili, ta ajiye gyaɗar. Tasallah ta ce a ranta, to, an koma gidan jiya, ta dai samu mako uku.

Sai ga ƙwallo ta faɗa kwandon da ke hannun dama, inda 'yan Madina suke ta nema tun ɗazu. Tasallah ta miƙe tsaye da dukan tsawonta ta rangaɗa guɗa, ko Allah zai sa yarinyar ta ji daɗi. Ɓangaren iyali duka suka juyo. Can tsallake 'yan Jidda suka amsa mata da tafi.

Afnan ta finciko abayarta. "Zauna! Gwaggo, zauna! Wannan nasu ne! An juya! Bayan hutu ana juya kwando!"

"Ana juyawa? Don me?"

"Don... haka ne! Ya Allah. Namu yanzu can. Can! Dubi hannuna!"

"To shi wancan mai usur me ya sa ya tsayar da bakwai? Bai taɓa kowa ba."

"Ya yi tafiya da ƙwallo."

"To da me zai yi tafiya?"

Afnan ta dafe kai da hannu biyu, amma ta fara bayani, da sauri, da haushi, Hausa da Larabci suna karo da juna a bakinta. Ga layin maki uku. Ga agogon da ke saman kwando. In an ture ka kana jifa, a ba ka jifa biyu kyauta. Tana cikin bayani Umair ya jefa daga bayan layi ta shiga. Ya sake ta shiga. Talatin da uku ya ƙwace ƙwallo daga hannun Muhyiddeen ya ruga, Tasallah ta ji kanta tana ihu, "Gudu, mai hudajjiyar safa! Gudu, ɗan albarka!" Rata ta dawo tara, ta dawo biyar. Wani abu ya kama ta wanda ba ta san shi ba. Duk wasannin baya ta riga kowa sanin wani abu, tana zaune a ɗaki tana jiran a zo a gaya mata ta yi daidai. Yau ba ta san komai ba, kuma daɗin abin ya kusa kashe ta. Ta taka ƙafar Lubna, ta ba matar baya haƙuri, ta sake takawa. Mayafinta ya zame ta gyara da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin na Afnan, ba ta san wanda ya fara kama wani ba.

Saura daƙiƙa huɗu, Jidda suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannun sha huɗu. Ya kauce wa mutum ɗaya, ya yi sama, ya saki. Ƙwallon ta hau bakin ƙarfen, ta zagaya sau ɗaya, ta zagaya sau biyu, zauren duka ya ɗauke numfashi. Ta faɗo waje.

A mota babu mai magana sai Mu'azzam. An ajiye Lubna a ƙofar gidansu tana sharɓe hanci. Ana ta kiran magariba daga masallatai, dutsen Uhudu ya yi ja a gabansu.

"Bakwai, ko, Gwaggo?" ya ce, yana leƙen madubi. "Ni dai na faɗa tun farko. Tsawo da benci. Lissafi ba ya ƙarya. A rufe zauren nan naku, a buɗe Mu'azzam Ya Ce."

Tasallah tana kallon taga. Shekara ta ƙare, babu sauran shuɗin buhu sai baɗi, babu abin da za ta faɗa gobe in an kawo shayi, in ma an kawo. Tana jira Afnan ta tona ta, ta san kalma uku sun isa.

Afnan ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. Ta kawo baki kusa da kunnenta.

"Gwaggo," ta raɗa. "Da gaske kin... shaƙa wandon Umair?"

"Aiki ne, 'yar nan. Ba don daɗi ba."

Wani sauti ya kuɓuce wa Afnan ta hanci. Ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. "To wa... wa ya fi duka wari?"

"Koci," Tasallah ta ce. "Kuma shi ko gudu ba ya yi."

Afnan ta faɗo kan cinyarta tana shure-shure, tabarau ya yi ƙasa. Tasallah ta so ta daure, ta kasa, dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Me ya faru?" Mu'azzam ya ce. "An fitar da mu fa! Me ake yi wa dariya?"

"Tuƙa motarka," Afnan ta ce, tana share hawaye. Ta sake matsowa. "Bakwai fa? Faɗa min na bakwai. A'a, tsaya, fara daga lamba huɗu, kar ki tsallake kowa."

"Huɗu ai ba shi da labari, yaron kirki ne, har ninke kayansa yake yi. Biyar ne ɗan banza. Ranar nan na zazzage aljihunsa, kin san abin da ya faɗo?"

Sun iso ƙofar gida Mu'azzam ya kashe mota ya fita, ya tsaya riƙe da murfin yana jiran su. Da ya gaji ya ajiye musu makullin a kan kujera ya wuce masallaci, ana lamba tara.